Magani da Sharaɗinsa: Tarihin Koyar da Bayanin Magani a Arewacin Nijeriya, da Misali Daga Birnin Gwari

1.0 Gabatarwa

A al'adar Bahaushe ba a miƙa magani a yi shiru. Duk mai ba da shi, boka ne ko wanzami ko ungozoma, yakan haɗa da wasu 'yan kalmomi: yadda za a jiƙa ko a dafa, da abin da za a sha shi a ciki, da kwanakin da za a ɗauka ana sha, da abin da za a ƙaurace wa. Waɗannan kalmomi su ake kira sharaɗi ko ƙa'idar magani. Idan magani bai ci ba, tambayar farko da ake yi ita ce ko an kiyaye sharaɗin.

A yau jami'o'in Nijeriya suna koya wa ɗaliban ilimin haɗa magunguna wani darasi mai kama da wannan, watau yadda za su zauna da majiyyaci su yi masa bayanin maganin da aka rubuta masa, don ya sha shi daidai, kada ya cutu. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda bayani ya rabu da magani a Arewacin Nijeriya, da dalilan da suka sa aka koma nemansa, sannan ta duba wani misali daga ƙasar Birnin Gwari. A ƙarshe za a nuna cewa babban ɓangare na matsalar ta harshe ce, don haka ta shafi masu nazarin Hausa kai tsaye.

2.0 Sharaɗin Magani Kafin Zuwan Turawa

Masu magani a ƙasar Hausa iri-iri ne, kowa da fagensa. Akwai boka da 'yar mai ganye da maɗori da wanzami da ungozoma da maharbi, ga kuma malamin tsibbu. Ma'auninsu shi ne abin da ke cikin gida: tsunkule da yatsu uku, ko cikin tafin hannu, ko ludayi, ko ƙoƙo. Lokaci kuwa da rana da salla ake auna shi, a ce da sassafe kafin a ci komai, ko bayan Magariba. Akan kuma haɗa da hani, kamar a ce kada a ci maiƙo ko kada a sha nono sai an gama. Ta haka majiyyaci yakan bar wurin mai magani yana sane da abin da zai yi, cikin harshensa, da ma'aunin da ya saba da shi.

Malaman jihadi ma ba su bar wannan fage ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce da Larabci a kan ciwon ido da basir da amfanin filasko. Ismail Abdalla ya yi nazarin irin waɗannan littattafai a cikin aikinsa na 1997, Aliyu Muhammad Bunza kuma ya nazarci magungunan Hausa da ke rubuce a hannun malaman tsibbu.

Amma wannan tsari yana da raunin da bai kamata a ɓoye ba. Tsunkulen wani ya fi na wani, ƙarfin saiwa kuma yakan bambanta daga daji zuwa daji. Har wa yau, magani asiri ne: ana gaya wa majiyyaci yadda zai sha, ba a gaya masa abin da aka haɗa. Don haka Bahaushe ya gaji al'adar karɓar sharaɗi, bai gaji al'adar tambayar mai magani ba. Wannan gado yana nan yana aiki a tagar asibiti.

3.0 Disfensa da Makarantar Zariya

Horar da masu haɗa maganin Turawa a Nijeriya daga Ikko ya faro, inda aka kafa makaranta a Yaba cikin shekarun 1920, aka kuma kafa ƙungiyar masu wannan sana'a a 1927. A Arewa kuwa, a shekarar 1930 aka buɗe makarantar horar da disfensa a Zariya, don a samar da ma'aikatan da za su riƙe ɗakunan shan magani na En'e. Abin da aka fi ƙarfafawa a wancan horo shi ne aikin hannu: awo, da dama ruwan magani, da haɗa man shafawa, da tsabtar kwalabe, da ajiye lissafin kaya. A lokacin yawancin magunguna a nan ɗakin ake haɗa su, sau da yawa kuma a gaban disfensa ake sha. Sunan da Hausawa suka laƙaba wa irin wannan wuri, watau asibitin sha-ka-tafi, ya isa ya nuna yadda abin yake. Wanda aka ɗura wa magani a baki aka sallame shi ba ya bukatar dogon bayani.

Yaƙin da aka yi da ciwon barci a Lardin Zazzau cikin shekarun 1930 ya ƙara kafa wannan hali. Ma'aikata sukan sauka a gari, dagaci ya tara jama'a, a lalubi wuyan kowa, wanda aka samu da kaluluwa a sa shi cikin jerin masu karɓar allura. Ɗaya daga cikin alluran tana ɗauke da sinadarin da kan taɓa ganin wasu mutane. Umurni ne ake bi, shawarar majiyyaci ba ta cikin lissafi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai ga allurar fenisilin, wadda ta riƙa warkar da tunjere da miyagun gyambuna cikin 'yan kwanaki. Daga nan ne imani da allura ya kafu a zukatan mutane, har ya zama wanda aka ba ƙwaya kawai yakan ga kamar ba a duba shi ba.

Karatun ya ci gaba da ɗaukaka. Jami'ar Ife ta fara ba da digiri a wannan fanni a farkon shekarun 1960, a ƙarshen shekarun kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta karɓi aikin tsohuwar makarantar Zariya, wadda daga bisani ta zama tsangaya mai zaman kanta. Sai dai hankalin manhajar yana kan ƙwayar magani: sinadaranta, da yadda ake sarrafa ta, da yadda take aiki a jiki. Mutumin da zai haɗiye ta bai sami babban gurbi a cikin darasi ba.

4.0 Magani Ya Shiga Kasuwa

Abin da ya sauya al'amari shi ne zuwan magungunan masana'anta. Da ƙwaya da kafso suka maye gurbin ruwan kwalba, sai magani ya bar hannun disfensa ya bi majiyyaci gida, inda babu mai duba yadda ake shansa. Arzikin man fetur na shekarun 1970 ya cika ƙasa da magungunan waje. Kantunan kemis suka bazu har ƙauyuka, 'yan talla suka ɗora magani a faranti suna yawo da shi a kasuwa da tasha, rana tana dukansa. Da tattalin arziki ya karye cikin shekarun 1980, asibitocin gwamnati suka rasa magani, sai kemis ya zama shi ne asibitin talaka. A can mutum yakan sayi kafso biyu ko uku gwargwadon kuɗin aljihunsa, ya sha, in ya ji sauƙi ya bari.

Binciken da Nina Etkin da Paul Ross da abokin aikinsu Ibrahim Muazzamu suka yi a wani ƙauye na ƙasar Kano, wanda aka buga a 1990, ya nuna abin da kan faru idan magani ya iso babu bayani. Mutane sukan sa masa nasu bayanin, bisa fahimtarsu ta gargajiya. Launi da ɗanɗano sukan zama alamar aikinsa, kamar a ɗauki jar ƙwaya a matsayin mai ƙara jini. Bugu da ƙari, tun da a tunanin Bahaushe cuta aba ce da ke fita daga jiki, amai ko gudawa ko ƙuraje da magani ya jawo akan ɗauke su alamar cewa yana aiki, alhali a wajen masanin magani wata sa'a alama ce ta a dakata.

5.0 Komawa Ga Majiyyaci

Wannan matsala ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin muhimman magunguna a 1977, sannan a taron Nairobi na 1985 aka bayyana ma'anar amfani da magani bisa hankali: majiyyaci ya sami maganin da ya dace da ciwonsa, a ma'aunin da ya dace da shi, na tsawon lokacin da ya dace, a farashi mafi sauƙi. A 1990 wasu malamai biyu na Amurka, Hepler da Strand, suka kawo ra'ayin cewa alhakin mai haɗa magani bai ƙare da miƙa shi ba, yana da hannu a sakamakon da majiyyaci zai samu. A 1997 kuma wani taron Hukumar a Kanada ya lissafa iya magana da mutane cikin siffofin da ake bukata ga mai wannan sana'a.

A cikin gida, masifu ne suka farkar da hukuma. A 1990 yara fiye da 100 suka mutu a Jos da Ibadan bayan shan ruwan farasitamol da aka haɗa da sinadari mai guba. A wannan shekara aka fitar da manufar ƙasa a kan magunguna, a 1992 aka kafa majalisar da ke kula da sana'ar, a 1993 kuma aka yi dokar kafa hukumar NAFDAC. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka yi ƙarar cewa ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta, aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Wannan lamari yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano daga 2003 zuwa 2004. A 2018 kuma Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda yadda matasa da matan aure suka mai da shi abin maye.

Duk waɗannan sun taimaka wajen sauya manhaja. Aka shigar da darussan kula da majiyyaci, aka fara tura ɗalibai asibitocin koyarwa, kamar na Shika, su bi likitoci zagayen ɗakunan kwanciya. A 2016 Hukumar Kula da Jami'o'i ta amince da sabon digiri na shekara shida wanda ya fi ba da ƙarfi ga aikin asibiti. Cikin abubuwan da ake koya wa ɗalibi akwai ya tambayi majiyyaci abin da likita ya gaya masa, da magungunan da yake sha, da ko mace tana da ciki ko tana shayarwa. Sannan ya faɗi sunan magani da aikinsa da ma'auninsa da illar da za a iya gani, a ƙarshe ya sa majiyyaci ya maimaita abin da ya ji. Ɗalibai sukan gwada wannan a aji, ɗaya ya zama majiyyaci, ɗaya mai ba da magani, malami yana gyara.

6.0 Misalin Birnin Gwari

Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, kimanin kilomita 120 daga Kaduna. Mazaunanta sun haɗa da Gwari da Kamuku da Hausawa da Fulani, Hausa kuma ita ce harshen da ya haɗa su a kasuwa da asibiti. A ƙasarta dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999. Kogin Mariga da rafukan da ke zuba cikinsa sun sa yankin ya zama matattarar wani ɗan baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu. Cizonsa shi ke sa tsutsar da ke jawo ƙaiƙayi da lalacewar fata, daga baya makanta.

A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da maganin Mectizan kyauta. Maganin yana kashe 'ya'yan tsutsar, amma uwar takan rayu shekara 10 zuwa 15 a jikin mutum, don haka tilas a sha shi kowace shekara har uwar ta mutu don kanta. Tun farkon shekarun 1990 aka fara raba shi a Birnin Gwari, da taimakon ƙungiyar Sightsavers. Bayan kafa shirin Afirka na yaƙi da cutar a 1995, aka miƙa rabon ga al'umma: kowane ƙauye ya zaɓi nasa mai rabo, ya kuma tsai da lokacin da ya fi masa sauƙi.

Waɗannan masu rabo manoma ne, horonsu na 'yan kwanaki ne. Maimakon sikeli aka ba su sanda mai zane, tsawon mutum ya nuna ko ƙwaya ɗaya zai sha ko biyu ko uku ko huɗu. Aka koya musu waɗanda ba a ba: yaron da bai kai santimita 90 ba, da mai ciki, da mai jegon da ba ta yi mako ba, da wanda ciwo ya kwantar. Aka kuma koya musu su faɗa tun kafin a sha cewa ana iya jin ƙaiƙayi ko kumburi ko zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, kuma zai wuce. Wannan gargaɗi na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci, domin wanda ya kumbura ba a gaya masa ba ba zai karɓa baɗi ba, kuma zai hana maƙwabcinsa.

A 2008 aka binciki ƙauyuka 27 a yankin Birnin Gwari da na Kauru da Lere, inda a da kimanin rabin mutanen ke ɗauke da tsutsar. Cikin mutum 3,703 da aka duba fatarsu ba a sami ko ɗaya da ita ba. Sakamakon, wanda aka buga a 2012, yana cikin shaidun farko da suka nuna cewa ana iya kawar da cutar a Afirka da wannan magani.

Gaskiya ne cewa magani ɗaya ne, sau ɗaya a shekara, alhali mai haɗa magunguna da ɗaruruwa yake aiki. Duk da haka misalin ya tabbatar da abu uku: bayanin gajere ne, da harshen mai sauraro aka yi shi, kuma daga bakin wanda aka sani ya fito. Rashin tsaron da ya addabi yankin daga shekarun 2010, wanda ya tashi ƙauyuka ya kuma sa bin hanyar Kaduna ya zama kasada, ya ƙara nuna darajar wannan. Inda zuwa asibiti ya yi wuya, abin da aka gaya wa mutum ranar da ya karɓi magani shi zai riƙe har ya gama shansa.

7.0 Matsalar Harshe

Ɗalibi da Ingilishi yake koyon bayani, da Ingilishi ake jarraba shi, amma a Zariya ko Birnin Gwari da Hausa zai yi aikin. Fassarar kuwa ba ta da sauƙi kamar yadda ake zato. Ga wasu misalai.

Na farko, lokaci. "Sau uku a rana" yana iya zama da safe da hantsi da azahar, alhali ana nufin kowace awa takwas. Idan aka ce bayan Asuba, da bayan Azahar, da lokacin kwanciya, an kusanci abin da ake nufi. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ya maye gurbin kulorokwin a 2005 sau shida ake shansa cikin kwana uku, na biyu bayan awa takwas da na farko, kuma tare da abinci mai ɗan maiƙo. Da azumi kuma sai an sake tsara komai tsakanin buɗa-baki da sahur.

Na biyu, ma'auni. Cokalin da takarda ke nufi mililita 5 ne, cokulan gida kuwa sun bambanta. Uwar da aka ce wa cokali ɗaya ba a nuna mata murfin awo ba tana iya ninka wa jariri.

Na uku, sunayen cututtuka. Zazzaɓi da sanyi da basir da daji kowanne buhu ne mai ɗauke da cututtuka da yawa. Kalmar shawara kanta tana nufin nasihar da ake ba majiyyaci, tana kuma nufin ciwon da ke sa ido rawaya. Ƙwaya ma ta sami ma'ana ta biyu, har kunya takan hana wani dattijo ya ce kullum yana shan ta.

Na huɗu, ma'anar magani. A wajen Bahaushe magani shi ne abin da ke raba mutum da cuta. Mai hawan jini ko ciwon suga da aka ce zai sha har iyakar rayuwarsa yakan ɗauka maganin bai karɓe shi ba, sai ya bari ko ya haɗa da jiƙo. Idan aka tambaye shi ko yana shan wani magani zai ce a'a, domin bai lissafa saiwa da sassaƙe ba. Sai an ambace su da suna. Haka kuma sai an faɗi fura da nono da suna ga mai shan tetarasaikilin, domin nono yana hana jiki ɗaukarsa.

Na biyar, ɗan aike. A gidaje da yawa miji ko yaro ne ke karɓo wa mace magani, don haka bayani ta baki biyu yake bi kafin ya isa. Ga kuma kunya, wadda kan hana mace faɗa wa saurayi sa'an ɗanta cewa tana da ciki. Ladabin magana a nan, kamar a ce Baba ko Inna, a kuma sassauta murya a janye daga layi, yana cikin aikin.

8.0 Kammalawa

Tarihin da aka bi ya nuna cewa a gargajiya magani da sharaɗinsa tare suke tafiya, zamanin disfensa ya rage bukatar bayani, zamanin kemis ya saki magani cikin jama'a babu shi, sannan daga 1990 masu sana'ar suka koma nemansa. Misalin Birnin Gwari ya nuna abin da 'yan kalmomi daidai za su iya yi cikin shekara 17.

Abin da ya rage shi ne haɗin gwiwa. Jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato duk suna da sashen nazarin Hausa, suna kuma da tsangayar haɗa magunguna. Ya kamata sassan biyu su tattara kalmomin ciwo da na magani kamar yadda majiyyata ke faɗarsu, karin harshe bayan karin harshe, su daidaita jimlolin ma'auni da na lokaci, su gwada su a kan masu sauraro na gaske kafin a sa su cikin littafi. Ya kuma kamata a riƙa jarraba ɗalibi da harshen da zai yi aiki da shi, har da wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ce. Ɗaliban babban digiri a fannin Hausa kuwa suna da fagen bincike a tagar asibiti da kantin kemis, inda za su ji abin da aka faɗa, su bi majiyyaci su ji abin da ya fahimta.